Na sauka daga jirgi na kai Inna gidan abinci, ta riga ta tuƙa tuwo: laifi na yi?

'Yar Mabera a Legas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun ranar Asabar, har gidanmu an rabu biyu a kanta, shi ya sa na kawo ta nan.

Shekara biyu rabona da Sakkwato. Ranar Asabar na taso daga Legas da yara biyu, babban shekararsa huɗu, ƙaramar watanta bakwai. Tun kafin kiran assalatu muka bar gida saboda cunkoson hanyar Ikeja. Jirgin farko bai ba mu wahala ba, ya tashi 7:00 na safe, awa ɗaya da 'yan mintoci muka sauka Abuja. A nan ne zama ya kama mu. Na Sakkwato a tikiti an rubuta 11:00. Sha ɗaya ta yi ta wuce, aka ce 1:00. Ɗaya ta yi, aka ce hazo ya rufe Sakkwato, sai abin da hali ya yi. Daga nan shiru, ba wanda ya sake fitowa ya ce mana uffan. Kujerun ƙarfe, sanyin na'ura yana dukan yarinya, na cire mayafina na naɗe ta. Babban ya cinye biskit ɗin da na ƙullo tun kafin azahar, ya koma tambayata ko jirginmu ya lalace ne. Wata baiwar Allah 'yar Tambuwal da ke kusa da ni ita ta riƙa karɓar yarinyar in zan je alwala, Allah ya saka mata. Sai 4:40 aka kira mu.

Da muka doso gari na leƙa taga, fari fat kamar an watsa toka. Can sai ga gulbi ya fito siriri, ga fadama kore shar a bakinsa. Hawaye kawai na ji a fuskata.

To ga inda maganar take. Tun ina Legas na kira ƙanena na ce kada a ɗora tukunya ranar, ni zan kai kowa gidan abinci da dare, da Inna, da ƙannena, da matar ƙanena, da mijin ƙanwata, da yara. Ya ce ya gaya wa Inna. Da muka isa gida ana idar da magariba, sai na tarar ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure, ga fura an dama an rufe da faifai. Na sha furar, amma na ce tunda an riga an kama mana wuri, mutane sun yi shiri, a tafi. Inna ba ta ce komai ba, ta ɗauki lulluɓinta. Mu 11 muka tafi a mota biyu. Ta zauna can ƙarshen tebur, kaɗan ta ci.

Washegari ƙanwar Babanmu ta zo yi min sannu da zuwa, ta wanke ni tas, wai na bar tuwon uwata ya kwana na je na zubar da kuɗi a waje. Ni kuwa Allah ya sani, tunda na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta zauna an kawo mata abinci ba. Kullum ita ce a bakin murhu, sai kowa ya ci sannan ta kankare gindin tukunya. So nake sau ɗaya ta zauna, wani ya kawo mata ruwan wanke hannu, ta ce ga abin da take so a kawo mata. Ku gaya min tsakani da Allah, laifi na yi?

Gwaggon Kanwuri:
Ɗiyata sannu da hanya, Allah shi huce gajiya. Amma gaskiya ɗaya ta, kin yi kuskure. Uwarki ba don yunwarki tat tuƙa tuwon nan ba, ta san kina da kuɗin saye. Ta tuƙa shi na don ki san kin zaka gida. Mu nan baƙo in ya sauka, ruwa aka hwara ba shi, sannan hura, sannan tuwo, kuma abin da anka dahwa da sunan mutum ba a barinai shi kwana. Ko loma ukku kic ci kahin ku hita, da ba mai magana. Sannan kin ɗauki tsohuwa kin aje ta tebur guda da mijin ɗiyarta, kina jiran ta ci? Ina kit taɓa ganin haka? Ai ko ruwa ba ta sha gabanai.

Ɗan Runjin Sambo:
Gwaggo, a yi haƙuri, amma ni ban ga laifinta ba. Ta faɗa tun da wuri kada a dafa. Matar da ta yi awa goma sha uku a hanya da goyo, ta sauka ba ta ce a bar ta ta kwanta ba, iyalinta ta tuna. Wasu in sun zo ko gaisuwar kirki ba sa tsayawa yi, otal suke wucewa.

Gwaggon Kanwuri:
Yaro, ba a ce ma uwa kada ta dahwa. Ba ta jin wagga magana, kuma ba za ta ji ba.

Tsohon Ma'aikacin Filin Jirgi:
Kafin a yi nisa a maganar tuwo, bari in ce wani abu a kan jinkirin, don na ga kamar ya ci miki rai, Hajiya. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in yi ritaya.

Hazon da kika gani ta taga shi ne dalili, ba ƙarya suka yi miki ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga yankin Bodele a arewacin Chadi, ta baza ta a kanmu. Sakkwato, Katsina, Kano, Maiduguri, mu muke fara sha. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ita ce ke auna nisan da ido zai iya hangowa, da mita ake lissafinsa, kuma ranar da hazo ya yi kauri yakan sauko ƙasa da mita 1,000. Kowane filin jirgi yana da iyakar da in an gaza ta ba a sauka, gwargwadon na'urorin da ke wurin. Matuƙi ba ya tasowa daga Abuja sai an ba shi rahoton Sakkwato, don in ya zo ya kasa ganin titin sauka, sai dai ya yi ta kewaya ko ya juya da ku. Ga shi kuma jirgi ɗaya ne ke yin zirga-zirga huɗu ko biyar a yini, in ya makara a wuri ɗaya, duk na bayan sun makara.

Inda kamfanin ya gaza shi ne shirun da ya yi. Ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta tanadi cewa in jinkiri ya yi tsawo a tafiyar cikin gida a ba fasinja abin taɓawa, in ya ƙara tsawo yana da damar ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Ko da yanayi ne ya jawo, fitowa a yi wa mutane bayani ba ya cin ko kwabo. Mutanenmu ba sa tambaya, shi ya sa ake barinsu haka.

'Yar Mabera a Legas:
Na gode Baba. Wallahi ko ruwa ba su ba mu ba. Da na san da wannan da na yi magana, ko don masu yara da tsofaffi da ke wurin.

Direban Hanyar Gusau:
Hajiya ki gode wa Allah. Kin yi asuba a Legas kin yi magariba a Mabera, kina kiran wannan wahala? Legas zuwa Sakkwato ya fi kilomita 1,000. Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, Tambuwal, yini da kwana ne in mota ba ta ba da matsala ba. Ko daga Abuja da kika zauna, da kin ce za ki biyo mu ta Kaduna, Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talata Mafara, awa goma zuwa sha biyu ne, kuma kowa ya san yadda zuciya ke bugawa a wasu wurare na hanyar nan yanzu. Ba na ɗaukar mai goyo in bi da ita bayan la'asar. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 muke sa wa ido, Allah ya nuna mana gamawarta. Maganar tuwo kuma, ni dai da na ci na gida.

Dattijon Rijiyar Ɗorowa:
Ni duk sanda na ji an ce jirgin Abuja zuwa Sakkwato ya tsaya saboda yanayi, hamdala nake yi. Yaran yanzu ba su sani ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, jirgin da ya taso daga Abuja zai zo nan ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, cikin iska da hadari. Mutum 96 suka rasu. A ciki akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da bayin Allah da yawa 'yan garin nan. Na je ƙofar fada a daren, ban taɓa ganin Sakkwato ta yi tsit irin na ranar ba. Unguwa kaɗan ce ba a shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba.

Na kawo wannan ne don ki gane wani abu, 'yata. Mahaifiyarki tana garin nan a ranar. Ke kina Abuja kina jin haushin kujera, ita tana gida tun sha ɗaya an ce mata jirgin 'yarta da jikokinta bai taso ba, kuma ba wanda ya san dalili. Me kike so ta yi da hannuwanta? Ni a ganina tuwon nan tsoro ne ya tuƙa shi.

Amaryar Arkilla:
Allah ya jiƙan su da rahama.

Ɗan Runjin Sambo:
Amin. Ina firamare lokacin, amma na tuna ranar.

'Yar Mabera a Legas:
Innalillahi. Baba, ka sa na ajiye wayar na je na tambayi ƙanwata. Ta ce da safe Inna ba ta da niyyar girki, har ta ce a dafa wa yara taliya kawai. Da azahar ta wuce ba labari, sai ta tashi ta jiƙa shinkafa, ta aiki yaro ya sayo sure. Ta ce ta kira ƙanena ya fi sau goma, kuma abin da take cewa kawai shi ne, "An ce sun taso?" Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana. Ban san da wannan ba sai yanzu.

Gwaggon Kanwuri:
To kin ji. Abin da nika hwaɗa miki ke nan.

Amaryar Arkilla:
Gwaggo ki yi min izini in faɗi nawa, don akwai wadda ba a ambata ba a maganar nan, matar ƙanenta. Ni ma a gidan surukai nake. Duk ranar da aka ce 'yar gida za ta zo daga Abuja ko Kaduna, tun safe muke tsaye. Jajjage, tuƙi, suyar nama, a kai wa maza zaure, a zuba wa yara, a kwashe kwanoni, a wanke cikin ɗarin nan hannu yana tsagewa. Baƙuwar da aka yi dominta sai mu gaisa a tsaitsaye. Hira ana yinta a ɗaki muna jiyo dariya daga madafa. Ban ce ana zaluntarmu ba, aikin gida ne kuma da lada. Amma ranar da wata ta ce kowa ya sa kayansa a je a zauna tare, wallahi ba ƙaramin abu ta yi wa irinmu ba. Anti, ki tambayi matar ƙanenki yadda ta ji.

'Yar Mabera a Legas:
Ba sai na tambaye ta ba, a mota muna dawowa ta riƙe hannuna ta ce tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa cin abinci da zafinsa ranar baƙi ba.

Gwaggon Kanwuri:
Amarya, mu ma mun yi. Shekara talatin ina tsaye bakin murhu gidan surukaina, ban mutu ba.

Amaryar Arkilla:
Allah ya saka miki Gwaggo, kun yi ƙoƙari. Amma da an ce miki zauna ki ci sau ɗaya, za ki ƙi?

Ɗan Runjin Sambo:
Matsalar ke nan, duk abin da aka saba sai a mai da shi kamar farilla. Don an sha wahala a da, dole kowa ya sha?

Shugabar Zaure:
Ɗan Runjin Sambo, a sassauta harshe, Gwaggo ta haife ka. A ci gaba da magana cikin ladabi.

Ɗan Runjin Sambo:
Na tuba Gwaggo, ba da raini na faɗa ba.

Mai Gidan Abinci a Gawon Nama:
Bari in sa baki tunda sana'ata ce, ko da yake ba wurina suka je ba. Shekarun baya in ka ga dattijuwa a gidan abinci, to matafiyiya ce ko mai jinya a asibiti. Yanzu iyali suna zuwa, musamman daren Juma'a da Asabar da bayan salla. Amma na lura da abu ɗaya. Tsohuwa in ka zaunar da ita a kujera, tsakiyar fili, ga fitila ta haske ko'ina, ga maza baƙi a tebur na kusa, ga cokali da mai yatsu an jera mata, ba za ta ci ba. Za ta ɗan taɓa, ta ce ta ƙoshi, a ƙarshe ta ce a ƙunshe mata ta kai wa jikoki. Shi ya sa na ware ɗaki guda na shimfiɗa darduma, na sa labule, na ajiye buta da roba. Maza su zauna waje, mata su shiga ciki. Ranar da na fara haka na ga wata Hajiya ta naɗe hannun riga ta cinye tuwon dawa da miyar kuka har da neman ƙarin man shanu.

Kuma ba a miƙa musu takardar jerin abinci. Kunya suke ji, wasu ba sa karanta boko, wasu kuma idonsu kan kuɗin yake sauka, daga nan abincin ya fita ransu. Ke da kika san abin da take so, ki faɗa wa yaron a kunne. Farfesun kayan ciki, masa da miyar taushe, gasasshen kifi, irin waɗannan. Soyayyar shinkafa da shawarma na yara ne.

Niyyarki mai kyau ce 'yar uwa, shimfiɗar ce ba ta dace da ita ba.

'Yar Mabera a Legas:
Kamar kina wurin. Takardar suka miƙa mata, ta juya ta, ta miƙa wa jikanta. Ni na ce a kawo mata kifi.

Amma akwai abin da ban faɗa ba, don ko a gida ban gaya wa kowa ba. Ana cikin ci yarinyar ta farka da kuka, na koma gefe ina ba ta nono, abincina yana hucewa. Ina kallon Inna ta gefen ido. Ta wanke hannu, ta ɓare tsokar kifin nan ta tsakiya, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta tara a ƙaramin faranti. Ta kira babban yarona ta ce, "Kai wa waccan." Ba ta dube ni ba. Da na gama ta miƙo hannu ta karɓi yarinyar ta goya ta da lulluɓinta, ta tashi tana zagaya bayan kujeru har na cinye. Na kawo ta ne don a yi mata hidima, sai ga shi ita ce a tsaye.

Amaryar Arkilla:
Allah sarki uwa. Kin sa ni kuka.

Gwaggon Kanwuri:
Haka suke. Ko Makka kik kai ta, haka za ta yi.

Malamin Zaure:
Allah ya saka wa iyayenmu da aljanna. An tambaye ni ta gefe ko cin abinci a waje da iyali yana da laifi. Ba shi da laifi matuƙar abincin halal ne, an kiyaye sutura, ba a yi almubazzaranci ba. Ciyar da iyali sadaka ce. Abin dubawa shi ne zuciyar mahaifiya. Kyautata wa iyaye ana auna shi ne da abin da ke faranta musu, ko da ya saɓa wa abin da mu muke ganin ya fi. Ke kin so ki hutar da ita, ita kuma hutunta a ranar shi ne ta ga kina cin abin da ta dafa. Ba ki yi zunubi ba, don ba ki yi nufin ɓata mata ba. Amma ki same ta ki ba ta haƙuri, ba ya rage ki da komai. Sai kuma tuwon, ina fata ba a zubar ba.

Wata tambaya kuma, ya kika yi da sallolinki a hanya?

'Yar Mabera a Legas:
Allah ya gafarta Malam, ba a zubar ba, an sa a firji. Azahar da la'asar a Abuja na yi su, raka'a biyu-biyu. Magariba da isha'i a gida, isha'in na cika huɗu. Daidai ne?

Malamin Zaure:
Daidai ne. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato kusan kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, ko a ƙafa aka yi ta ko a jirgi, saurin abin hawa ba ya soke rangwamen. In mutum ya sauka inda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, sai ya cika. Tunda hutu kika zo, cikawa za ki yi ta yi har ranar da kika bar gari.

Ma'aikaciyar Jinya:
Anti, game da kukan yarinyar, in tun daga jirgi ta fara to kunne ne. Lokacin sauka iskar cikin jirgi tana sauyawa, kunne ya toshe, babba ya haɗiyi yawu ya buɗe, jariri bai san ya yi ba. Ranar komawa ki sa mata nono daidai lokacin tashi da kuma sanda aka ce an fara sauka. Babban ki ba shi alewa ya riƙa tsotsa. In tana mura ki nuna ta a asibiti kafin tafiyar, mura na ƙara abin.

'Yar Mabera a Legas:
Tun muna sama ta fara, tana jan kunnenta. Na gode ƙwarai.

Ɗan Kasuwar Kara:
Ni tambayata ɗaya. Tikiti ɗaya yanzu ya haura N100,000, ke da yara, zuwa da komawa. Sannan abincin mutum 11 a waje. Da kin ba Inna kuɗin abincin nan a hannu, ko kin sauke mata buhun shinkafa da jarkar mai, ba zai fi mata amfani ba?

'Yar Mabera a Legas:
Yaya, duk wata ina aikowa, kuma na san inda kuɗin ke zuwa. Kuɗin makarantar jika, maganin maƙwabciya, gudummawar biki. Ko zani na saya mata sai in gan shi a jikin wata. Abu ɗaya na nema wanda ba za ta iya bayarwa ba, sai dai ta zauna ta ci da bakinta. Shi ma kun ji yadda ta yi da kifin.

Ɗan Kasuwar Kara:
Na fahimta. Tamu ma haka take.

Gwaggon Kanwuri:
Ɗiyata, ban ce ba ki son uwarki ba, kowa ya ga kina sonta. Amma ki bar ta ta ba ki. Kin tahi Legas kin yi kuɗi, komi kina iya saye, abu guda yar rage mata da taka iya yi miki wanda babu shi kasuwa, shi na tuwon nan. In kin amshe mata shi, mi kib bar mata?

Dattijon Rijiyar Ɗorowa:
Hajiya ta faɗi magana.

Ɗan Runjin Sambo:
Na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin da za a riƙa fitar da iyayenmu mata lokaci-lokaci, da sun saba. Babanmu ya zaga ƙasar nan kaf, tsohuwarmu ko Gusau sau biyu ta je.

Mai Gidan Abinci a Gawon Nama:
A fitar da su mana, amma ba ranar saukar baƙo ba. Ranar nan ta gida ce. A bari sai kwana uku ko huɗu, a zaɓi wurin da ke da labule, a bar surukai maza a gida ko a raba musu wuri.

'Yar Mabera a Legas:
Na dawo. Bayan isha'i na shiga ɗakinta, tana lazimi, na jira ta shafa. Na ce Inna ki yafe min, na bar tuwonki na fita da ke cikin sanyi. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ba komai, Allah ya yi albarka. Can ta tambaye ni wai su waye ke wanke kwanonin wurin nan duka, yara ne ko manya, kuma ƙarfe nawa suke tashi. Na ce ban sani ba. Ta ce Allah ya ba su lada, da yawa ne.

Na ce mata gobe da safe ɗumamen tuwon nan nake so, ba shayi ba. Ta ce ai ya kwana biyu, sabo za ta tuƙa. Na ce shi nake so. Yanzu haka ina jin ta a tsakar gida tana ce wa ƙanena ya nemo mata icce, wai ɗumame a kan gas ba ya daɗi.

Gwaggon Kanwuri:
Madalla. Ki cinye shi duka, kuma ki nemi ƙari.

Tsohon Ma'aikacin Filin Jirgi:
Yaushe ne komawar, Hajiya?

'Yar Mabera a Legas:
Alhamis ta sama in Allah ya kai mu, Baba.

Tsohon Ma'aikacin Filin Jirgi:
To ki kira kamfanin tun daren Laraba, ki sake kira da safe kafin ki bar Mabera, hazon bai gama ba. Kilishi da daddawa da kukar da za a haɗa miki ki sa su a babbar jaka, ki auna ta a gida don kada su caje ki kuɗin ƙarin kaya. A jakar hannu ki bar wa yaran abin ci da zai kai su yamma. Allah ya kiyaye hanya.